Anti, Mu Koma Babban Gida a Nesa Ko Mu Zauna a Ƙaramin da Ke Kusa?

Assalamu alaikum Anti. Ina yi miki fatan alheri, Allah Ya saka miki da alheri kan yadda kike sauraron matsalolin mutane ba tare da gajiyawa ba. Ni 'yarki ce mai bibiyar wannan fili, kuma yau nawa ne ya taso. Magana ce ta muhalli, kuma ta fara shiga tsakanina da maigidana.

Muna zaune a gidan haya cikin gari, ɗaki biyu da falo. 'Ya'yanmu huɗu: babbar mace ce mai shekara 13, sai maza biyu, 10 da 7, sai auta da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ni malamar makaranta ce, da ƙafa nake zuwa aiki. Shi ma ofishinsu ba nisa. Yanzu kuma mahaifiyarsa za ta dawo wurinmu da zama, domin shekaru sun ja, ga hawan jini ga ciwon suga. Ni na fara ba da shawarar ta dawo, kuma har yanzu ina kan bakana. Sai dai inda za mu sa ta ne ya hana ni barci.

Matsin da muke ciki ba na ƙorafin banza ba ne. Babbar tawa a banɗaki take canza kaya, domin ƙannenta maza suna cikin ɗakin. Idan za ta yi karatu da daddare sai ta zauna a ƙasa a bakin ƙofar kicin, ta ɗora littafi a cinya, saboda a nan ne kaɗai fitila ba za ta tashi kowa ba. Idan kakarsu ta zo, ita da babbar za su ɗauki ɗakin, mazan su koma falo, kullum a shimfiɗa katifa da dare a naɗe da asuba. Na taɓa karantawa cewa hukumar kula da matsugunan jama'a ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana kiran gida mai cunkoso ne idan mutum fiye da uku suna kwana a ɗaki ɗaya. Idan aka lissafa falo, mu bakwai a ɗaki uku ba mu kai wannan mizani ba. Amma ko a haka, mura idan ta kama ɗaya sai ta zagaye gidan kaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a ƙa'idojinta na gidaje da lafiya na 2018, ta danganta cunkoso da yaɗuwar tarin fuka da cututtukan numfashi da gudawa. Da tsohuwa mai rauni a cikinmu, wannan ya fi tsaya mini a rai.

To, maigida ya samo gida a wata sabuwar unguwa a bayan gari. Ɗaki huɗu ne, da tsakar gida mai faɗi, kuma kuɗin hayarsa bai kai na wanda muke ciki ba. Mai gidan ma ya ce zai iya sayar mana a riƙa biya a hankali. Mun je mun gani, kuma gaskiya gida ya yi. Yaran suna shiga suka fara rabon ɗakuna, babbar ta tsaya a taga ta ce nan za ta sa teburinta. Zuciyata ta karye da na ji haka, Anti.

Amma ni a hanyar dawowa na fara lissafi. A lokacin cunkoson motoci, tafiyar ta kai awa ɗaya da rabi. Zuwa da dawowa awa uku ke nan a rana, awa 15 a mako, kusan kwana biyu na aiki da za mu riƙa zubarwa a kan titi. Yara za su tashi tun duhu, su dawo a galabaice. Shi kansa maigidan, yanzu yakan dawo ya duba musu aikin gida. A can sai dai ya tarar da su sun yi barci. Ɗakuna huɗun nan wa zai more su, idan duk yini muna waje? Tsohuwa kaɗai za a bari a ciki, a unguwar da rabin gidajenta ba a gama gini ba, maƙwabta jefi-jefi. Titin da ya shiga unguwar ba kwalta, kuma wani da muka tarar a wurin ya ce da damina ƙananan motoci a bakin babban titi suke tsayawa. Asibitin da zai iya karɓar mai hawan jini cikin dare yana cikin gari. Wannan shi ne babban abin da ke damuna, domin ciwon shanyewar jiki da bugun zuciya ba sa jiran gari ya waye.

Ta fuskar kuɗi ma araha ɗin ba ta kai yadda ake gani ba. Masana harkar gidaje sukan ce kada kuɗin muhalli ya wuce kashi 30 cikin 100 na abin da iyali ke samu, wasu kuma suka ce a haɗa da kuɗin sufuri, duka biyun kada su wuce kashi 45. Da na haɗa mai, da gyaran mota, da kuɗin motar yara, da ruwan da za mu riƙa saye kafin a haƙa rijiyar burtsatse, sai na ga abin da muka rage a haya ya bi ta wata ƙofa ya fita.

Shi kuma yana da tasa hujjar, kuma ba zan raina ta ba. Ya ce haya ba ta ƙarewa, gara mu sha wahalar 'yan shekaru mu mallaki namu. Ya ce birane faɗaɗa suke yi: a 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kashi 55 cikin 100 na mutanen duniya a birane suke, kuma ta yi hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Don haka bayan garin yau, tsakiyar garin gobe ne, kuma wanda ya riga zuwa shi zai ci riba. Na yarda da wannan. Tambayata ita ce, 'yan shekarun da yake faɗa su ne fa shekarun da suka rage wa mahaifiyarsa, kuma su ne shekarun da yaran nan suka fi bukatar ganinmu.

Wani amininsa kuma ya sa masa ra'ayin karkara gaba ɗaya, wai a sayi fili mai girma a yi noma da kiwo, a huta da hayaniya. Wannan na ce masa a bar shi sai bayan ritaya, kuma bai ja ba.

Ni abin da raina ya fi karkata gare shi shi ne mu nemi ɗaki uku a nan kusa, ko da tsohon gini ne, ko da ba tsakar gida, mu matse wasu buƙatun mu biya. Da na faɗa masa sai ya yi shiru, daga baya ya ce ba na son ya ajiye wa 'ya'yansa abin da za su gada. Maganar nan ta yi mini zafi, domin ni ma burina ke nan. Tun ranar, da zarar an taɓo zancen gida sai kowa ya kama gabansa.

Anti, don Allah ki haska mini. Shin tsoro ne ya rufe mini ido har na kasa ganin alherin da yake hangowa? Akwai hikima a ce mu sayi gidan can mu sa 'yan haya, mu ci gaba da zama a gari har unguwar ta cika, ko nauyin zai fi ƙarfinmu? Ya dace a tambayi ita tsohuwar ra'ayinta, ko hakan zai sa ta ji kamar ta zame mana kaya? Sannan ta wace hanya zan sake tayar da maganar da maigida ba tare da ya ɗauka ina rushe masa buri ba? Mai gidan can ya ba mu zuwa ƙarshen wata mai zuwa mu ba shi amsa, shi ya sa nake roƙon a duba wasiƙata da wuri. Ina kuma roƙon a sakaya sunana.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

'Yarki,
Maman yara huɗu