A ba Lincoln haƙƙinsa, a ba bayin nasu

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na tarihi na makon jiya a kan Abraham Lincoln, kuma tun ranar maganar ta tsaya mini a rai. Mai gabatarwa ya ce Lincoln ya ɗauki alƙalami rana ɗaya ya 'yanta bayin Amurka. Wani da ya bugo waya ya ce sam, ɗan siyasa ne kawai, baƙar fata ba ta dame shi ba. Na koyar da tarihi a sakandare har na yi ritaya, don haka ku ba ni dama in sa baki.

Mai bugo wayar nan ba da ka ya yi magana ba. Lokacin da aka zaɓi Lincoln shugaban ƙasa a 1860, bayi kusan miliyan 4 ne a Amurka, yawancinsu a gonakin auduga, taba da rake na Kudu. Ya tsani bauta tun yana saurayi, amma ranar rantsar da shi a Maris 1861 ya faɗa da bakinsa cewa ba shi da niyyar taɓa ta a jihohin da take. A Agusta 1862, ana tsakiyar yaƙin basasa tsakanin Arewacin Amurka da jihohin Kudu da suka ɓalle, ya rubuta wa ɗan jarida Horace Greeley cewa da zai iya ceto haɗin kan ƙasa ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba, da ya yi. A watan ne kuma ya tara wasu shugabannin baƙaƙe a fadarsa yana ba su shawarar su bar ƙasar su nemi wani wuri. Har an kwashi mutane fiye da 400 zuwa wani tsibiri na Haiti, inda cuta da yunwa suka kashe da dama, aka dawo da sauran a 1864. Da aka soke bauta a birnin Washington a Afrilu 1862, iyayengiji aka biya diyya, har dala 300 a kan kowane bawa. Wanda ya sha bulalar bai ga diyyar guminsa ba. Ita kanta sanarwar 'yanci ta 1 ga Janairu 1863 jihohin da suka yi tawaye ta shafa, ta tsallake Kentucky, Maryland, Delaware da Missouri, waɗanda suke riƙe da bayi amma ba su ɓalle ba.

Duk wannan gaskiya ne, ban taɓa ɓoye wa ɗalibaina ba. Amma abin da ya fi yi mini ciwo a shirin shi ne, awa guda ana zancen 'yanta bayi, ba a ambaci bawa ko ɗaya da ya motsa ƙafarsa ba. A Mayu 1861, yaƙi bai cika wata biyu ba, bayi uku suka haye ruwa da dare suka shiga sansanin sojan Arewa na Fort Monroe a Virginia. Da aka zo karɓarsu, Janar Benjamin Butler ya ƙi miƙa su. Labari ya bazu a gonaki, mutane suka riƙa sulalewa da 'ya'yansu a goye, ɗaruruwa, daga baya dubbai. Ba wanda ya aika musu takardar izini. Su suka ajiye wa gwamnati tambayar da take ta kauce wa: waɗannan dukiyar wani ce, ko mutane ne?

Ga Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta a Maryland, ya hana Lincoln sakat da alƙalami da baki. A Agusta 1863 ya je har fadar shugaban ya kai ƙorafi: ana biyan farin soja dala 13 a wata, baƙi dala 10, a kuma cire masa 3 kuɗin kaki. Baƙaƙe kusan 180,000 ne suka shiga rundunar ƙasa ta Arewa, sun san in aka kama su ana iya kashe su ko a mayar da su bauta. Cikinsu har da ɗan Kukawa ta Borno, Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi aka sayar, ya zaga Tarabulus, Istanbul da Rasha, ya samu 'yancinsa, ya isa Amurka, sannan a 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Massachusetts. Mutumin da ya riga ya tsira, ya ɗauki bindiga don wasu su tsira.

To ina Lincoln a nan? A wurina girmansa shi ne yana jin magana, kuma in ya taka mataki gaba ba ya komawa baya. A damina ta 1864 yaƙi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gawawwaki sun yi yawa, shi da kansa ya ɗauka zai faɗi zaɓe. 'Yan jam'iyyarsa suka matsa masa ya sassauta zancen 'yanci don a yi sulhu da Kudu. Ya ƙi, ya ce ba zai mayar da mutanen da suka yi wa ƙasa yaƙi cikin sarƙa ba. Mai neman kujera kawai da nan ya saki. Ya kuma san sanarwarsa dabarar yaƙi ce da kotu za ta iya rushewa in an ajiye makamai, shi ya sa bayan ya ci zaɓe ya tsaya kai da fata a gyara tsarin mulki. Ranar 31 ga Janairu 1865 Majalisar Wakilai ta amince da gyara na 13 da ƙuri'a 119 a kan 56, wanda ya haramta bauta a ƙasar baki ɗaya.

Ranar 11 ga Afrilu, kwana biyu bayan Janar Lee, babban kwamandan sojan Kudu, ya miƙa wuya, Lincoln ya yi jawabi yana goyon bayan a ba wasu baƙaƙe ƙuri'a, masu ilimi da waɗanda suka yi soja. Kaɗan ne, na yarda. Amma John Wilkes Booth, wani ɗan wasan kwaikwayo mai goyon bayan Kudu, yana cikin taron, kuma bayan kwana uku ya harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Ford. Ku dubi tazarar da ke tsakanin mutumin da ya ce wa baƙaƙe su bar ƙasa da wanda ya ce a ba su ƙuri'a: ko shekara uku ba ta cika ba.

Abin da ya bari bai kammalu ba, wannan ma ya kamata masu sauraro su ji. A Galveston ta Texas sai 19 ga Yuni 1865 aka sanar da bayi cewa sun 'yantu. Magajin Lincoln, Andrew Johnson, ya mayar wa tsofaffin iyayengiji filayen da aka fara raba wa 'yantattu, aka bar mutum da 'yanci ba gona. Gyara na 13 ya bar ƙofa ga aikin tilas a kan wanda kotu ta ɗaure, jihohin Kudu kuwa suka riƙa kama baƙaƙe kan laifin zaman banza suna ba da hayarsu ga masu gonaki da ma'adinai. Shi ya sa a 1963 Martin Luther King ya tsaya a gaban mutum-mutumin Lincoln yana cewa shekara ɗari ta wuce, baƙar fata bai 'yantu ba tukuna. Dokar kare ƙuri'arsu sai 1965 ta zo.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku yi kashi na biyu na shirin. Ku buɗe shi da mutum ukun nan na Fort Monroe, ku ba Douglass lokacinsa, ku kuma nemo wani malamin tarihi daga Borno ya ba mu labarin ɗan Sa'id da harshenmu. Jikokina suna sauraronku kowane mako, ina so su ji waɗannan sunayen tare da na Lincoln.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Tsohon malamin tarihi, daga Zariya