Godiya ga Cibiyar Monsha'at ta Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ni tela ne a Shara Mansur da ke Makka, ina da ɗan ƙaramin kamfanin ɗinka kayan ma'aikata, kuma na daɗe da fid da rai ga samun kwangilar gwamnati. Tun da Ma'aikatar Kuɗi ta buɗe dandalin Etimad a 2018 nake ganin sanarwar kwangiloli, amma da zarar na yunƙura sai takardu su kayar da ni. Sau biyu ina kai kuɗina ofisoshin masu bin takardu. Na farko ya danne fayil ɗina har wa'adi ya wuce, na biyun kuwa ya shigar da tayina da shaidar zakka wadda ta riga ta ƙare aiki, aka yi watsi da shi tun ba a kai ga duba farashi ba.

Da wannan takaici na je cibiyarku ta Monsha'at, hukumar tallafa wa ƙanana da matsakaitan kamfanoni, ba don ina sa ran wani abu ba. Matashin da ya karɓe ni, da ya ga Hausawi a ƙarshen sunana, sai ya ce, “Baba, bismillah, zauna.” Ya juyo da kwamfutarsa ta fuskance ni, muka bi takardun ɗaya bayan ɗaya, daga rajistar kasuwanci har zuwa shaidar inshorar ma'aikata. A bakinsa na fara jin cewa dokar kwangiloli ta 2019 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni lamunin banki na farko, wato kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na kuɗin tayi, wanda ni kuwa har bashi na ci don in haɗa shi. Ya nuna mini yadda ake fitar da shaidar girman kamfani, sannan bai ɓoye mini ba cewa lamunin ƙarshe na kashi 5 yana nan daram idan kwangilar ta haura riyal 100,000. Ko kofin shayi bai yarda na saya masa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, masu bin takardun nan ko dai ba su san dokar ba, ko kuma sun sani sun yi gum, tunda rashin saninmu ne abincinsu, kuma har gobe dattawan unguwarmu suna layi a ƙofarsu.

Tayina dai ya shiga a kan lokaci, ina jiran sakamako. Allah ya saka wa wannan yaro da alheri, ya yi wa iyayensa albarka.

Naku,
Wani tela daga Makka