Rahoton Ayyukan Shekara: Ziyarce-ziyarcenmu Zuwa Tsohuwar Gadar Jirgin Ƙasa ta Poughkeepsie

Assalamu alaikum, iyayenmu dattawa da 'yan'uwa membobi maza da mata.

Kamar yadda babban taron bara ya ɗora wa kwamitin walwala da lafiya, mun shafe wannan shekara muna fitar da iyalanmu mazauna Bronx a birnin New York da kewaye zuwa tattaki a sarari, kuma wurin da ya fi ɗaukar lokacinmu shi ne tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ta ratsa Kogin Hudson tsakanin Poughkeepsie da Highland a jihar New York, wadda yanzu ta zama hanyar masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Kafin fita ta farko mun nemi matasa su binciko tarihin gadar su karanta wa jama'a a cikin jirgi, domin tafiyar daga birni tana cin kusan awa biyu. An buɗe gadar a 1889. Tsawonta ya ɗan haura kilomita 2, kuma tana sama da ruwa da kimanin mita 65. Shekaru da dama jiragen dakon kaya suna bi ta kanta, har ranar 8 ga Mayu 1974 da gobara ta cinye wani sashe na katakon da aka shimfiɗa layin a kai. Kamfanin da ke tafiyar da layin a lokacin ya riga ya karye, saboda haka ba a gyara ba, aka bar ƙarfe yana tsatsa. Rushe ta ma kuɗi ne mai yawa, shi ya sa a 1984 aka sayar da ita a kan dala ɗaya kacal, abin da ya ba dattawanmu dariya matuƙa.

Abin da kwamiti ya fi so membobi su lura da shi shi ne wanda ya biyo baya. A 1992 wasu mutanen yankin, ƙarƙashin jagorancin Bill Sepe, suka kafa ƙungiyar sa kai mai suna Walkway Over the Hudson, suka mallaki gadar a 1998, suka yi ta ƙoƙarin shimfiɗa mata katako da hannunsu. Wannan hanya ba ta kai su gaci ba. Sai da Gidauniyar Dyson, wata gidauniyar taimako ta yankin, da gwamnatin jiha da ta tarayya suka zuba kuɗi aka fara aikin gaske a 2008, aka ɗora manyan fale-falen kankare a kan tsohon ƙarfen bayan injiniyoyi sun tabbatar da ƙarfinsa, aka kashe kusan dala miliyan 39. An buɗe ta ga jama'a ranar 3 ga Oktoba 2009, shekara 400 bayan Henry Hudson, Baturen da aka sa wa kogin sunansa, ya bi kogin da jirgin ruwa. A ganinmu, 'yan sa kai ba su da ƙarfin gina ta, amma da ba su hana maganar gadar ta mutu tsawon shekara 17 suka kuma riƙe takardun mallaka ba, da masu kuɗin ba su tarar da abin da za su gyara ba. Wani dattijo ɗan Zariya ya tuna mana da ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos, wanda aka rufe a 1957, ya ce ko nasu gadojin sun sami irin waɗannan masu naci.

Game da yadda fitar ta gudana, ta lokacin bazara ta yi armashi, domin lif ɗin (na'urar hawa sama) da aka ƙara a 2014 kusa da tashar jirgi ya sauƙaƙa wa iyayenmu mata da masu keken jarirai hawa. Ta ƙarshen kaka kuwa kuskure ne daga gare mu: ba mu yi la'akari da cewa ana rufe lif ɗin idan sanyi ya shigo ba, kuma iskar da ke kaɗawa a tsakiyar kogi ta fi ta gari tsanani nesa ba kusa ba, har wasu suka juyo daga rabin hanya. Muna ba su haƙuri. Shiga gadar kyauta ne, don haka kuɗin da aka kashe ya tafi ne a tikitin jirgi da abinci, kuma ma'aji zai gabatar da lissafinsa daban.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar a taƙaita fita tsakanin Mayu da Satumba, a tsara lokaci yadda sallar Azahar za ta same mu a filin shaƙatawa na bakin kogi, sannan matasa masu keke su gwada tsallakawa zuwa ɓangaren Highland, inda gadar ta haɗu da tsohon layin dogon da shi ma aka mayar hanyar keke. Masu son shiga kwamitin su ba da sunayensu ga sakatare kafin taron wata mai zuwa.

Sakataren kwamitin walwala da lafiya