Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Lasisi da Ƙa'idojin Ƙirƙirarriyar Basira

Mambobi masu girma, bayan gaisuwa da fatan alheri, kwamitin zartarwa yana gabatar muku da bayanin abin da ƙungiya ta gudanar a bana, shekarar da batun ƙa'idojin gwamnati a kan fasahar ƙirƙirarriyar basira ya cinye mafi yawan lokacinmu.

Zaman nazarinmu na wata-wata ya fi karkata ga dokar Tarayyar Turai kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, kuma ta karkasa manhajoji bisa girman haɗarin da ke tattare da amfaninsu. Tun daga 2 ga Fabrairu 2025 aka haramta wasu ayyuka, kamar ba wa jama'a maki bisa halayensu, da leƙen yanayin zuciyar ma'aikata ko ɗalibai, kuma tarar wanda ya saɓa tana iya kaiwa yuro miliyan 35, ko kashi 7 cikin 100 na cinikinsa na shekara a duniya.

A ɗaya daga cikin zaman, wata mamba ta nuna mana yadda manhajar tace takardun neman aiki take tura sunayen matan da suka yi hutun haihuwa zuwa ƙarshen jeri, ba tare da wani ɗan Adam ya duba takardunsu ba. Irin wannan manhaja ce dokar ta sanya a rukunin masu babban haɗari, kuma a ganinmu ta yi daidai.

Muhawara ta yi zafi a kan shawarar da Sam Altman, shugaban kamfanin OpenAI mai manhajar ChatGPT, ya ba majalisar dattawan Amurka a watan Mayun 2023, cewa a kafa hukumar da za ta riƙa ba da lasisi ga manhajoji mafi ƙarfi. Matsayar da muka cim ma, wadda muka miƙa wa 'yan majalisa a rubuce, ita ce a ɗora sharaɗi a kan aikin da manhaja za ta yi, domin idan aka wajabta lasisi a kan kowa, manyan kamfanoni masu lauyoyi za su biya cikin sauƙi, ƙananan masu haɗa manhaja kuwa su rufe harka.

Horon kare bayanan sirri bai samu halartar da muka so ba, saboda haka za a maimaita shi ta intanet.

A baɗi za mu fassara kundin manufofin ƙirƙirarriyar basira da Tarayyar Afirka ta amince da shi a watan Yulin 2024 zuwa Hausa. Muna roƙon masu sha'awar wannan aiki su miƙa sunayensu ga sakatare kafin babban taro.