Godiya Ga Shagon Buga Hotuna Da Ke Kusa Da Kasuwar Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe maigida, da ku 'yan'uwa da ke zaune gaban kwamfuta, da samarin da ke kan inji, sannunku da aiki. Mu ne masu ɗaukar hoto da masu zayyana katin biki, fasta da kalanda da ke kawo muku aiki daga Yelwa, Gwallameji, Fadaman Mada da cikin gari. Mun ga ya kamata mu gode muku a bainar jama'a saboda hali guda: ba kwa tura fayil inji sai kun buɗe shi kun duba. In kun ga matsala, ku zaunar da mai aikin ku nuna masa daga inda ta fito, ba a sallame shi da "haka kwamfuta ta yi" ba.

Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka wahalar tana wajen zayyana. Alhali asara ta fi faruwa a minti na ƙarshe, lokacin da za a fitar da aiki mai leya (wato shimfiɗun hoto da rubutu da ake jerawa kan juna) ashirin ko talatin daga manhajar Photoshop ya koma hoto guda.

Mu fara da fileks, don nan ne masu koyo suka fi shan wuya. Yaro ya ji an ce bugu mai kyau sai da fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 300 a kowane inci, sai ya buɗe fileks mai ƙafa 10 da ƙafa 4 a haka. Ƙafa 10 inci 120 ne, wato fiksel 36,000 a tsawo, 14,400 a faɗi. Shi kuwa PSD, wato fayil ɗin da Photoshop ke ajiye aiki a cikinsa, iyakarsa fiksel 30,000 a kowane gefe, nauyinsa kuma ba ya wuce gigabayit 2. Leya ɗaya tak da ta cika wannan fili ta haura gigabayit ɗaya da rabi. Kwamfuta ta yi ta nishi, a zo ajiya ta ƙi, yaro ya ce manhajar ce ta lalace. Ku ne kuke zama da biro da takarda ku yi masa wannan lissafin, ku nuna masa cewa abin da za a kalla daga tsallaken titi fiksel 100 a inci ya wadatar da shi: 12,000 da 4,800, nauyin ya ragu ninki tara, kuma ido ba zai gane bambanci daga nesa ba. In kuma girman ya zama dole, ku ce a ajiye a PSB, fayil ɗin Photoshop na manyan ayyuka, wanda ke ɗaukar har fiksel 300,000, ko TIFF mai iyakar gigabayit 4. Wannan darasin kaɗai ya ceci mutane da yawa daga sayen sabuwar kwamfutar da ba sa bukata.

Abin da ya fi taɓa mana zuciya shi ne yadda kuke kula da haruffanmu masu lanƙwasa. Salon rubutu da yawa, musamman masu ado da ake so a katin ɗaurin aure, ba su da ɓ, ɗ da ƙ. A kwamfutar mai zayyana komai lafiya, amma da an buɗe a wata wadda ba ta da wannan salon, sai a ga ɗan akwati ya zauna inda ƙ take a "ƙarfe goma na safe", ko harafin ya fito da wata siffa daban kamar baƙo a tsakiyar kalma. Kati ɗari biyar in suka fita a haka, ba gyara. Dokarku a nan a fili take: a ajiye kwafi ɗaya mai rubutun da za a iya gyarawa, a ɗaya kwafin kuma a mayar da rubutun zane kafin a kawo, da Convert to Shape a Photoshop ko Ctrl+Q a CorelDRAW. Bayan haka ma sai wani a cikinku ya karanta sunayen iyalai da kwanan wata da babbar murya a gaban mai aikin. Wasu na ganin ɓata lokaci ne. Mu dai mun san ɗari da dari, ƙasa da kasa, ba ɗaya ba ne.

Sai batun launi, wanda ya fi kowane jawo jayayya a bakin kanta. Allo da haske yake aiki, ja, kore da shuɗi, wato RGB. Injin ɗab'i da tawada huɗu, wato CMYK. Koren nan mai walƙiya da shuɗi mai ƙyalli da ake gani a waya, tawada ba ta kai can, shi ya sa kuke danna Ctrl+Y ku nuna wa mutum kusan yadda zai fito tun kafin a taɓa takarda. Kun kuma gyara mana wani kuskure da ya yi yawa: sauya aiki daga RGB zuwa CMYK alhali leyoyin suna warwatse. Inuwar da aka yi da Multiply da hasken da aka yi da Screen (hanyoyin cuɗa leya da ta ƙarƙashinta) sukan canja kama, wasu leyoyin gyaran haske ma manhajar zubar da su take yi. Hanyar ita ce a yi kwafi, a haɗe leyoyin su zama ɗaya, sannan a sauya. Hoton amarya da ya dushe bayan fitarwa kuwa, sau da yawa an yi aikinsa a tsarin launi na Adobe RGB ne aka fitar ba tare da bayanin launinsa ba; a mayar da shi sRGB, jinin fuska ya dawo.

Akwai kuma masu rantsuwa cewa haɗe leyoyi ne ya ɓata musu hoto. Amsarku gajera ce: a danna Ctrl+1 a duba a girman ɗari bisa ɗari kafin haɗewa da bayanta. Abin da ake gani in an ƙanƙanta hoto a allo kimantawa ce kawai.

Tambarin makaranta ko na shago da ya fito da farin akwati a bayansa, JPEG ne ya jawo, don ba ya riƙe bango marar komai, cike shi yake yi da fari. PNG na riƙewa, amma bai san CMYK ba, saboda haka na bugu sai TIFF ko PDF. Farin zaren da ke bin gefen hula ko mayafi bayan an yanke mutum daga bango, umarnin Defringe na Photoshop, a fiksel 1 ko 2, na share shi. Kuma tun daga fitowar Photoshop 22.4 a 2021, JPEG da PNG ba sa bayyana a Save As in aikin na da leyoyi; suna can a Save a Copy. Ba mu san sau nawa kuka amsa wannan tambayar ba, kuma ba mu taɓa ganin kun ɗaure fuska ba.

Mun yaba da UPS, na'urar riƙe wuta in an ɗauke, da kuka sa wa kowace kwamfuta, domin fayil ɗin da aka ɗauke wuta yana tsakiyar ajiya da wuya ya sake buɗuwa. Haka nan hana ajiye aiki kai tsaye a filashi: a ajiye a cikin kwamfuta, sannan a kwafa. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya haura gigabayit 4 ko da akwai sarari, sai an mayar da shi exFAT. Mai turo hoto ta WhatsApp kuma kuna sa shi ya sake turowa a matsayin takarda (Document), tunda in an tura shi a hoto matse shi ake yi, fuska ta fito da ƙuraje a bugu.

Roƙonmu ɗaya ne, maigida. Ku rubuta waɗannan ƙa'idoji da Hausa, har da milimita 3 na rarar gefe da ake bari don yanka, ku manna a bakin ƙofa, domin ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke fara wannan sana'a su karanta kafin layi ya zo kansu.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya tsare injinanku daga lalacewa, amin.

Naku,
Masu ɗaukar hoto da masu zayyana da ke hulɗa da ku, Bauchi.