Iyaye mu daina cewa "ni ban iya lissafi ba" a gaban yara

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana iyaye.

Kwanakin baya 'yata da ke aji 4 a firamare ta dawo da aikin gida, wai a tara 1/2 da 1/4, ta rubuta 2/6 yayanta ya yi mata dariya ta zauna tana ta kuka. Ni na dawo daga kasuwar Wunti a gajiye na ce ta je wajen mamanta, mamanta kuma ta ce ita fa tun a sakandare ba ta ga maciji da lissafi. Sai Hajiya mahaifiyata, wadda ko ƙofar makarantar boko ba ta taɓa takawa ba, ta ce a miƙo mata masa guda ɗaya. Ta raba biyu, ta sake raba ɓari ɗaya biyu, ta ce "zo nan kishiya, cinye rabin nan, ƙara da rubu'in nan, me ya rage?" Yarinya ta ce kashi ɗaya cikin huɗu. Hajiya ta ce to uku kika ci min ke nan.

Wallahi kunya ta kama ni. Ni da nake lissafin mudu da buhu da canji da bashin kwastoma duk a ka, mamanta da ke riƙe da adashin mata goma sha biyu ba ta taɓa ɓata ko naira ba, mu ne muke gaya wa yarinya ba mu iya ba, kuma yaro abin da ya ji a gida shi yake tafiya da shi aji. A Islamiyya ma ai lissafin ne, zakka ɗaya cikin arba'in, a gado ga sumuni ga sudusi ga sulusi.

Yanzu in zan aike ta sai in ba ta ₦1,000 in ce ta faɗa min canjin kafin ta fita, in ta kuskure ba na duka, sai in ce ya aka yi kika samu wannan. Minti goma bayan magariba ya isa, kuɗin lesin kuwa ba kowa ke da shi ba. Kuma duk mai son ɗansa ya karanta likitanci ko injiniya a jami'ar ATBU da ke nan Bauchi ya san sai da kiredit a lissafi a WAEC ko NECO, ba kuwa a SS3 ake fara nemansa ba.

Roƙona ga malamai, taron PTA kullum maganar kuɗi ce, a ware ko rabin awa a nuna mana abin da yara ke yi a zangon, da Hausa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da gidajen rediyonmu irin su BRC da Globe FM su ma za su iya shirya mana ɗan shiri na mako-mako, da dare lokacin da muke gida.

Naka,
Wani uba daga unguwar Jahun, Bauchi