Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa (NUC) Kan Rahoton Hatsarin Mota a Jami'o'i

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, muna yi maka fatan alheri, tare da roƙon Allah ya yi maka jagora a kan nauyin da ke wuyanka.

Buƙatarmu guda ce: hukumarka ta fitar da takardar umarni ga dukan jami'o'in ƙasar nan, kowace ta samar da rubutaccen tsarin kai rahoton hatsarin abin hawa a cikin harabarta, kuma a riƙa tambayar rajistar haɗurran idan an je tantance jami'a.

Harabar jami'a gari ce. Wanda ya san harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Samaru a Zariya, ko sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan titin Gwarzo, ko mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ya san motocin ma'aikata da bas-bas na ɗalibai da A Daidaita Sahu da babura da tankar ruwa duk titi ɗaya suke bi da dubban masu tafiya a ƙasa, har da yaran firamaren ma'aikata. Ga masu koyon tuƙi da ke shigowa ranakun hutu saboda titin ba cunkoso, ga tseren murnar gama jarrabawar ƙarshe. Amma idan aka yi karo, abin da aka saba shi ne a taru, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a sasanta a baka, kowa ya kama gabansa. Sasanci abu ne mai kyau. Matsalar ita ce sasancin da ba a rubuta ba, domin bayan kwana uku wanda aka buge zai fara amai da jiri, mai motar kuma ba wanda ya riƙe ko lambarsa.

Farkon abin da tsarin zai ƙunsa shi ne lambar waya guda ɗaya ta jami'a, mai aiki dare da rana, a rubuce a kowace ƙofa da tashar mota da bayan katin shaidar ɗalibi. Wanda ya ɗaga wayar shi zai tura motar asibiti da jami'in tsaro a lokaci guda. Lambar 122 ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da 112 ta gaggawa suna nan, sai dai mai zuwa daga waje bai san ɗakin kwanan ɗalibai kaza ko bayan tsangaya kaza ba, dole a sami wanda zai tarbe shi a ƙofa.

Mintunan farko su ne ake yin ɓarna da kyakkyawar niyya. A ciccibi wanda ya ji ciwo a wuya a cusa shi cikin Keke, a kwara wa wanda ya suma ruwa, a ɗura masa wani, a fizge hular kwanon mai babur. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan na iya mayar da karaya ta zama shanyewar jiki, ko ruwan ya tafi huhu. Abin da ya kamata kowane mai gadi ya iya bai da yawa: kashe injin, tare titi, danne wurin da jini ke zuba da tsaftataccen ƙyalle, riƙe kai da wuya kada su motsa, sannan a ɗaga mutum a kan allo, mutum uku ko huɗu, kai da gangar jiki a miƙe. Kowa da hatsarin ya shafa a kai shi asibitin jami'a ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, domin zubar jini a ciki da bugun kai ba sa nuna kansu nan take. Kada a jira takardar 'yan sanda kafin a fara magani. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Kuma tun da asibitin koyarwa sau da yawa yana nesa da haraba, kamar asibitin Shika da harabar Samaru, a rubuta tun yanzu inda za a wuce da mai babban rauni da wanda zai sa hannu a kan kuɗin farko.

Sai shaida, kuma nan muke so a tsaya da kyau. Kafin a motsa komai a ɗauki hoto ta fuska huɗu daga nesa, yadda titi da mahaɗa da alamar hanya za su fito, sannan a matso a ɗauki lambar kowace mota, wurin da ya lotsa, tarkacen gilashi da sawun burki a kwalta. A zagaye mazaunin kowace taya da alli, a auna tsawon sawun burkin. Daga nan a janye motocin a buɗe hanya. Fom ɗin rahoton kada ya wuce shafi biyu: rana da lokaci, takamaiman wuri, hasken rana ne ko duhu, fitilar titi na ci ko ta mutu, ruwan sama ko ƙurar hunturu, lasisin direba, takardar inshora, sunayen shaidu biyu da wayoyinsu, da bayanin kowane ɓangare da bakinsa, a karanta masa ya sa hannu. Wurin da ake yawan yin sake shi ne "takamaiman wuri". Rubuta "kusa da ɗakin karatu" bai amfanar da kowa. A ce wace kwana, ta wane hannu. Idan akwai kyamara a kwafe hoton a ranar, domin na'urar tana shafe tsoho ta ɗora sabo. Fom ya isa ofishin tsaro cikin awa 24, a ba shi lamba, a ba kowane ɓangare kwafi.

Jami'in tsaron jami'a ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. Aikinsa ya kare rai, ya tsare shaida, ya rubuta. Duk hatsarin da aka ji rauni ko aka rasa rai, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa nan take. Tsarin ya kuma fayyace cewa direban da ya ga taro na neman dukansa, ya wuce kai tsaye ofishin tsaro ya miƙa kansa, ba gudu ya yi ba.

Ranka ya daɗe, rashin takarda asarar kuɗi ce kai tsaye. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da inshorar kare wanda aka yi wa ɓarna naira 15,000 ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Mutane suna biya don gudun 'yan sanda a hanya, amma idan an yi karo sai su cire kuɗin gyara daga aljihu, domin an riga an kai mota gareji, ba hoto, ba rahoto, kamfanin inshora ba shi da abin da zai duba. Haka Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun inshorar ma'aikata na NSITF ke gudanarwa: ta shafi ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki, amma ta ba shi kwana 14 ya sanar da ma'aikatarsa, ita kuma kwana 7 ta kai rahoto. Direban jami'a ko masinja da ya tafi wajen mai ɗori aka yi shiru, wa'adin zai wuce bai sani ba. Ɗalibi ma yana da inshorar lafiya ta TISHIP, ita ma sai da takardar asibitin jami'a take tafiya daidai.

Dalilin ɓoye hatsari tsoro ne. Direban jami'a na tsoron a zabge masa albashi, mai Keke na tsoron a hana shi shiga, ɗalibi na tsoron kwamitin ladabtarwa. Saboda haka a raba kai rahoto da hukunci: wanda ya kawo kansa cikin wa'adi a sassauta masa, wanda ya ɓoye shi ne zai gamu da fushin hukuma. Duk tarar da za a karɓa ta kasance a rubuce, da rasit.

Bayan kowane wata uku a kai rajistar gaban sashen ayyuka da shugabannin jami'a, har da ƙananan gogayya da ba a ji ciwo ba, a dasa kowane hatsari a kan taswirar haraba. Nan za a ga cewa wurare kaɗan ne ke maimaituwa: ƙofar da ke fita babban titi, shataletale marar fitila, kwanar da bishiya ta rufe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gudu ya wuce kilomita 30 a awa inda mota da masu tafiya a ƙasa ke cakuɗe. Mota mai gudun 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, kafin ƙafar direba ta kai kan burki. Tudun rage gudu da fentin tsallaka titi da fitila a fara sa su a wuraren da taswirar ta nuna, ko da ba nan manya ke bi ba.

Allah ya taimake ka. Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan sufuri, tsaro da lafiya na jami'o'i.